Yadda ake mai da na'urar gem ta kaset daga PAL zuwa NTSC, mataki bayan mataki

Masu karatu sun yi ta maimaita mini tambaya ɗaya game da na'urorin gem ɗin nan na kaset, kwaikwayon Famicom ta kamfanin Nintendo, waɗanda suka cika kasuwa da sunaye irin su Terminator da Micro Genius da PolyStation: me ya sa wasanninsu ke jan ƙafa, kiɗan ma yana tafiya a sanyaye, kuma ana iya gyara su su yi gudu yadda masu wasan suka tsara? Ana iyawa. Sai dai ba kowace na'ura ce ke karɓar aikin ba, kuma maganar da ake yaɗawa cewa kiristal, wato ɗan abin da ke ba na'urar bugun da take ƙirga lokaci da shi, kawai za a canza ba gaskiya ba ce. Ita ce ma ta fi jawo wa mutane asara.

Dalilin nauyin ba shi da tsawo. An rubuta yawancin wasannin ne don talabijin na Japan da Amurka, masu tsarin NTSC, inda hoto ke sauyawa sau 60 a daƙiƙa. Na'urorin da aka haɗa don ƙasashe masu tsarin talabijin na PAL suna fitar da hoto 50 ne. Wasa da hoto yake ƙirga lokacinsa, don haka komai ya ragu da kashi ɗaya cikin shida. Sannan PAL na da layi 312 a inda NTSC ke da 262, alhali zanen wasan layi 240 ne a duka biyun, shi ya sa kake ganin baƙin fili sama da ƙasa, mutanen cikin wasan kuma sun ɗan tsuguna.

1. Fara da talabijin, ba da na'urar ba

Kafin ka taɓa sukudireba, tabbatar talabijin ɗinka zai karɓi abin da kake shirin ba shi. Tashoshin Najeriya da Gana da Kamaru PAL suka yi amfani da shi, na Nijar da Chadi kuma SECAM, don haka tsofaffin talabijin masu ƙeya da yawa a gidajenmu ba su san kalar NTSC ba. Wanda ke da ita yakan rubuta a bayansa ko a cikin jerin saitinsa. Abin da kake nema shi ne NTSC 3.58. Idan NTSC 4.43 kaɗai ka gani, wannan na tsofaffin bidiyo ne, hoton na'urarka zai fito baƙi da fari.

Gwaji mafi sauƙi: ɗauko na'urar DVD, shiga saitinta ka sauya tsarin talabijin daga PAL zuwa NTSC, ka haɗa ta da wayar nan mai kai ruwan ɗorawa. Idan hoto ya tsaya cak da kalarsa, ci gaba. Idan yana birgima daga sama zuwa ƙasa, ko kalar ta ɓace, to aikin nan zai raba ka da hoton da kake da shi yanzu.

Hattara: talabijin na bango na zamani galibi suna karɓar tsarin biyu, amma bindigar da ke zuwa da waɗannan na'urori ba ta aiki a kansu, ko kafin gyara ko bayansa. Mai son wasan harbi ya nemi talabijin mai ƙeya da ke da NTSC 3.58.

2. Tabbatar na'urar tana da lafiya, ka auna gudunta

Ba a yi wa mara lafiya wannan aiki. Kunna ta, ka buga wasa na ɗan lokaci, ka saurari sauti, ka gwada hannayen biyu. Duk matsalar da ka tarar yanzu ka fara magance ta, domin in ka bar ta sai bayan ka canza kaya, ba za ka san ko tsohuwa ce ko kai ka jawo ta ba.

Sannan ka ɗauki ma'auni. Idan kasetinka na da Super Mario Bros. na farko, shiga matakin farko ka tsaya ba motsi, ka kunna agogon wayarka. Lokacin wasan yana sauka da lamba ɗaya duk bayan hoto 24. Daga 400 zuwa 300 zai ɗauki daƙiƙa 48 a na'urar 50, daƙiƙa 40 a na'urar 60. In ka sami 40, ko dai na'urarka 60 ce tun asali, ko kuma kasetin na ɗauke da bugun Turai da aka riga aka daidaita, don haka sai ka tabbatar da lambar kiristal a mataki na gaba.

Hattara da adafta: Famicom da yawancin kwaikwayonta suna cin wutar DC ce ta bolt 9 zuwa 10, kuma tsakiyar filogin shi ne nagatif, akasin adaftocin da aka saba gani a kasuwa. Adaftar NES, wato Famicom ɗin da aka yi wa Amurka, AC take bayarwa, tana iya ƙona na'urar nan take, ban da cewa ita kanta ta wutar 120 ce.

3. Buɗe ta ka gane irin fanel ɗin da ke ciki

Nan ne ake yanke hukuncin komai. Cire adafta, kwance sukurorin ƙasa, ɗaga murfin a hankali saboda wayoyin da ke haɗa fanel da fanel sirara ne, suna tsinkewa daga gindi. Ɗauki hoton kowane ɓangare da wayarka, sama da ƙasa, kafin ka motsa wani abu.

Ɗaya daga cikin biyu za ka tarar.

Na farko, tsohon yayi: manyan aisi (IC, baƙaƙen kayan lantarki masu ƙafafu a jere) guda biyu dogaye, kowanne da ƙafa 40, tare da wasu ƙanana a gefensu, irin su 6116 guda biyu da 74LS139 da 74LS373. Karanta rubutun bayan manyan. A na'urar PAL yawanci za ka ga UA6527P, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar kuma mai fitar da sauti, da UA6538, mai zana hoto. Kamfanin UMC na Taiwan ne ya yi su. Wasu na'urorin suna ɗauke da TA-03NP da TA-02NP, aikinsu ɗaya. Kusa da su akwai ɗan gwangwanin ƙarfe mai ƙafa biyu da aka rubuta wa 26.601712 ko 26.601, shi ne kiristal. Wannan fanel ɗin shi ne mai daɗin aiki, kuma a kansa matakai na 4 zuwa 9 suke.

Na biyu, na baya-bayan nan: ɗan siririn fanel da babu komai a kansa sai wani baƙin dunƙule kamar ɗigon kwalta, da kiristal, da 'yan kafasita. A nan an cusa dukkan na'urar cikin aisi ɗaya aka rufe da gam. In wannan ne a hannunka, karanta mataki na 4 don kayan aiki, sannan ka tsallaka zuwa na 10.

4. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Ga fanel mai manyan aisi, abubuwa uku ne za su canza tare: UA6527P ya koma UA6527 marar P, UA6538 ya koma UA6528, kiristal ya koma 21.47727. Idan ka sami matacciyar Famicom ta asali ko NES ta Amurka, aisi ɗinta RP2A03 da RP2C02 na kamfanin Ricoh suna shiga gurbin nan ƙafa da ƙafa, kuma ni su na fi so. Dalili: aisin UMC sun juya biyu daga cikin siffofin muryar kiɗan, shi ya sa waƙar wasa a kwaikwayo take fita da wani amo daban da na asali. Na Ricoh ba su da wannan.

Me ya sa dole sai ukun? Kowane aisi yana raba bugun kiristal da wata lamba da aka gina a cikinsa, ba ta canzuwa. UA6538 da biyar yake rabawa, kuma layi 312 yake zanawa ko da wane kiristal ka ba shi. Ka sa masa 21.47727, sai ya riƙa fitar da hoto kusan 40 a daƙiƙa, abin da babu talabijin ɗin da zai kama. In kuma ka canza mai hoton da kiristal ka bar UA6527P, wanda yawanci da 15 yake rabawa, hoto zai fito, amma ƙwaƙwalwar za ta sauka zuwa kusan 1.43 MHz maimakon 1.79. Sauti ya yi ƙasa, wasa ya riƙa sarƙewa, layukan saman allo su riƙa rawa.

Sauran kayan: soket biyu masu ƙafa 40 da ake zaunar da aisi a ciki, ayon narka dalma mai wat 30 zuwa 40 ko mai saitin zafi, dalma siririya, fes mai sa dalma ta kama, soka ta zuƙe dalma, igiyar jan ƙarfe mai tsotse ragowa, mita, ƙaramar filaya mai yanka, sifirit da tsohon buroshin haƙori. Duk waɗannan ana samu wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da waya, a Sabon Gari ko Farm Centre a Kano, ko Alaba a Legas. Kiristal ɗin ne da aisi biyun ke da wuyar samu a shago. Ko dai ka yi oda ta intanet, ko ka ciro daga matacciyar na'ura. Super Nintendo ta Amurka da ta Japan ita ma 21.47727 take amfani da shi.

Hattara da lambobi masu kama da juna: Super Nintendo ta Turai 21.28137 ce a cikinta, na'urorin Brazil kuma 21.453. Duk za su tayar da na'urar, amma kala ba za ta zo ba. Talabijin na neman 3.579545 ne daidai, wato lambar kiristal ɗin in an raba ta shida, kuma ba ya yafe kuskure mai yawa.

Batun kuɗi kuwa, farashi yana bin dala, don haka ga yadda za ka yi lissafi. Kiristal da soket ba su taka kara sun karya ba. Aisi biyun da kuɗin kawo su ne ke cin mafi yawa. In ba ka da ayon da mita, sayen su zai iya fin kuɗin na'urar kanta, gara ka kai wa mai gyaran talabijin kayan ka zauna kusa da shi da wannan jagorar. Tambayi kuɗin aikinsa tun farko, ka gaya masa ƙafa 80 zai cire ba tare da ɗaga layi ba, domin aiki ne mai cin lokaci.

Hattara da jabu: ana goge bayan UA6527P a sake buga masa UA6527 ko ma RP2A03 a sayar. Ido ba ya rabewa ko da yaushe. A mataki na 8 akwai yadda mita za ta tona asirinsa.

5. Cire tsofaffin aisi

Wannan shi ne wurin da na'urori suka fi mutuwa, don haka zan daɗe a kansa. Fanel ɗin kwaikwayo mai arha ne, layukan jan ƙarfensa manne suke da ɗan gam kawai, zafi ya yi yawa sai su ɗago su bi bakin ayon.

Da farko yi alama. Kowane aisi yana da ɗan gurbi a kai ɗaya. Zana a kan fanel da maka inda gurbin yake kallo, ka rubuta wanne ne mai hoto wanne ne ƙwaƙwalwa. Taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka riƙe aisi, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara wutar da ke tartsatsi.

Saita ayon tsakanin digiri 330 da 350. Juya fanel, shafa fes a layin ƙafafun, sannan ka ƙara sabuwar dalma a kan kowace ƙafa. Mutane suna ganin wannan ɓata kaya ne tunda cirewa za a yi, amma tsohuwar dalma ta shekara talatin ba ta narkewa da kyau sai ta gauraya da sabuwa. Daga nan ɗora bakin ayon a ƙafa ɗaya, ƙirga biyu zuwa uku, janye, ka zuƙe da soka nan take. Kada ka bi ƙafafun a jere. Yi ta ɗaya, tsallaka ta biyar, koma wancan gefen, don wuri ɗaya kada ya tara zafi. Ramin da bai fita tas ba, kada ka yi ta gasa shi. Sake cika shi da dalma, bari ya huce, ka sake zuƙa.

Ƙafa ta 20 da ta 40 sun fi taurin kai, saboda su ne na ƙasa (nagatif) da na wuta, layukansu masu faɗi ne suna shanye zafi. Ba su ɗan ƙarin lokaci kaɗan.

Bayan ka gama, ɗauki ɗan tsinken ƙarfe ka tura kowace ƙafa gefe. Wadda ta saki za ka ji ta yi ɗan ƙas tana motsi a cikin raminta. Sai dukkan 40 sun yi haka sannan za ka zura siririn sukudireba ƙarƙashin aisin ka ɗaga, kaɗan daga wannan kai, kaɗan daga wancan. In ka ji ya riƙe, tsaya. Akwai ƙafar da ba ta saki ba, kuma in ka matsa da layinta za ta fito.

Akwai gajeriyar hanya: a yanke ƙafafun duka da filaya daga jikin aisin, a cire su ɗaya-ɗaya. Ta fi sauƙi ga fanel, amma ta kashe aisin. Ban so a bi ta ba sai dole. An daina ƙera waɗannan aisin tuntuni, kuma mataki na gaba yana bukatar su da rai.

Hattara: in layi ya ɗago, kada ka ja shi. Bi shi da ido zuwa inda ya nufa, ka haɗa wuraren biyu da siririyar waya bayan ka sa soket. In da janareta kake aiki kuma wutar na hawa da sauka, ayon marar saiti zai riƙa yin zafi fiye da kima, gara ka jira wuta ta daidaita.

6. Sa soket, ka mai da tsofaffin aisin ka gwada

Goge ramukan da igiyar jan ƙarfe, wanke da sifirit. Zura soket, gurbinsa na kallon inda ka yi alama. Fara liƙa ƙafa biyu na kusurwa da kusurwa, duba ko ya kwanta daidai, sannan ka bi sauran. Da mita a saitin ƙara, gwada kowace ƙafa da maƙwabciyarta don kada dalma ta haɗe su, kuma ka gwada tsakanin 20 da 40. In mita ta yi kuka ba tsayawa a nan, kada ka sa wuta.

Yanzu mai da tsofaffin aisin cikin soket, da tsohon kiristal a wurinsa, ka kunna. Mutane da yawa suna tsallake wannan don ɗoki, kuma kuskure ne babba. Idan na'urar ta tashi yadda take a da, ka tabbatar aikin dalmarka lafiya lau. Duk abin da ya faru daga baya, ka san daga sabon kaya ne. In ba ta tashi ba, ka san inda za ka nema tun kafin abubuwa su cakuɗe.

7. Canza kiristal

Ƙafa biyu ne, ba shi da gaba ko baya. Cire tsohon, sa sabon, gajarta ƙafafun gwargwadon iko, kada ka daɗe da ayon a kansa. In tsohon a kwance yake an ɗaure shi da waya, yi wa sabon haka. Ajiye tsohon tare da aisinsa a cikin 'yar leda guda.

8. Sa sababbin aisi, ka yi gwajin farko

Sababbin ƙafafu sukan buɗe kaɗan. Kwantar da aisin a gefensa a kan tebur ka danna a hankali har layin ya miƙe. Dubi gurbi, dubi alamarka, tura shi daidai. Sunkuya ka leƙa ta gefe, domin ƙafa takan lanƙwashe ta shige ƙarƙashi ba ka gani ba.

Hattara: aisi biyun girmansu ɗaya, kowanne zai shiga soket ɗin ɗan'uwansa. In ka juya kai kuwa, wuta ta shiga ta ƙafar ƙasa, cikin daƙiƙa kaɗan ya ƙone. Duba sau biyu.

Haɗa ta wayar hoto da sauti, sa kaset, kunna, yatsanka na kusa da makunni. Auna ƙafa ta 40: bolt 5 ake so. Ɗan rigiletan 7805, mai rage wuta zuwa bolt 5, yakan yi zafi, wannan ba sabon abu ba ne. Amma aisin da ya yi zafin da ba za ka iya ɗora yatsa ba cikin 'yan daƙiƙu, kashe nan take.

Idan hoto ya fito, maimaita gwajin agogo. Daƙiƙa 40 kake nema. Idan mitarka tana auna bugu har zuwa mega biyu ko fiye, ɗora ta a ƙafa ta 31 ta ƙwaƙwalwar. Za ka ga kusan 1.79 MHz. In ka ga 1.43 ko ƙasa da haka, an sayar maka da na PAL ne da aka sauya wa rubutu. Haka nan in hoto ya ƙi tsayawa sam, yana ta yagewa a karkace ko da a talabijin ɗin da ya ci gwajin DVD, zargi mai hoton: wataƙila UA6538 ne a cikin sabuwar riga.

Allo ya tsaya da kala ɗaya ba wasa? Yawanci bakin kaset ne ya yi datti, ko ƙafa ɗaya ba ta zauna ba. Baƙi ƙirin ba ko motsi? Kiristal ɗin bai tashi ba. Bi layinsa zuwa ƙafa ta 29 ta ƙwaƙwalwa da ta 18 ta mai hoto, nan bugun yake shiga, ka tabbatar ba a yanke ba.

9. Daidaita kala da sauti

Sau da yawa wasa zai yi gudu daidai amma hoto baƙi da fari, ko kala na zuwa tana ɗaukewa. Kafin ka zargi kowa, shiga saitin talabijin ka mai da tsarin kala kan NTSC 3.58 ko na kai-tsaye, don wasu suna maƙalewa a PAL. In bai yi ba, dubi gefen kiristal. Wasu fanel suna da ɗan kafasita mai kan sukuru. Juya shi kaɗan-kaɗan da abin roba, na'urar tana kunne, har kala ta kama ta zauna. Sukudireban ƙarfe yana sauya lissafin muddin yana taɓe da shi, da ka ɗaga sai kalar ta gudu. Inda babu mai juyawa, za ka ga ƙaramin kafasita na 'yan pikofarad a jere da kiristal. An zaɓe shi ne don tsohon kiristal, don haka cire shi ka sa mai juyawa na pikofarad 30 a gurbinsa.

Sauti kuma, in ta wayar eriya kake haɗawa, akwai matsala. Ɗan akwatin eriyar da ke cikin na'urar yana ɗora sauti ne a tazarar 5.5 ko 6.0 ko 6.5 MHz, gwargwadon ƙasar da aka yi shi dominta, NTSC kuwa 4.5 yake so. Aikin da ka yi bai taɓa wannan akwati ba. Sakamakon shi ne hoto da shuu ba murya a talabijin da yawa. Kada ka wahalar da kanka da shi. Yi amfani da ramukan hoto da sauti na bayan na'urar, hoton ma ya fi tsabta ta nan.

10. Idan naka mai baƙin dunƙule ne

A nan ba abin da za ka cire ka musanya, sai dai ka nemi zaɓin da masana'anta ta bari. Aisin da ke ƙarƙashin gam ɗin, irin su VT02 da VT03 na kamfanin V.R. Technology, an yi su ne su iya tsarin biyu, don masana'anta ta sayar da fanel ɗaya a ƙasashe daban-daban. Ana zaɓa ne ta ƙafafu na musamman: ɗaya ta tsarin kala, ɗaya ta 50 ko 60.

Ɗauki fanel ɗin zuwa haske, da gilashin ƙara girma in kana da shi, ka bi layukan da ke fitowa daga dunƙulen. Kana neman 'yan filayen dalma biyu ko uku a jere da ba a ɗora musu komai ba, wasu an haɗe su da ɗigon dalma, wasu a buɗe. Mai sa'a zai ga an rubuta P da N, ko PAL da NTSC, ko 50 da 60 a gefensu. In fili uku ne, na tsakiya yana tafiya cikin dunƙulen, na gefe ɗaya ƙasa, ɗayan wuta. Tabbatar da haka da mita. Zuƙe tsohon haɗin tas, auna ka ga ya rabu, sannan ka haɗa na tsakiya da ɗaya gefen. In fili biyu ne, wanda ke haɗe ka raba, wanda ke rabe ka haɗa. Sauya na kala da na gudu duka, ka sa kiristal 21.47727, ka bi gwaje-gwajen matakai na 8 da 9.

Hattara: kada dalma ta taɓa filaye ukun a lokaci guda, wuta da ƙasa ke nan ka haɗe. Kuma kada ka janyo bolt 5 daga wani wuri ka kai wa ƙafar, saboda wasu sababbin dunƙulen da 3.3 suke aiki. Filin da masana'anta ta tanada kaɗai za ka yi amfani da shi. Filayen da ba su da rubutu kuwa, sauya ɗaya a lokaci guda, ka rubuta yadda ka same shi, domin wasunsu na zaɓen jerin wasannin ciki ne ba na hoto ba.

In ka duba ko'ina babu irin waɗannan filaye, an yi zaɓin ne a ƙarƙashin gam. Tsaya a nan. Kankare dunƙulen yana tsinka wayoyin da suka fi gashi siranta, kuma ba a ɗinke su. Rufe na'urarka ka ci gaba da morar ta a yadda take, ka nemi tsohuwa mai manyan aisi don wannan aikin.

Wasu suna sa makunni mai ƙafa shida da kiristal biyu don su riƙa sauyawa tsakanin tsarin biyu. A fanel mai filaye yana yiwuwa, amma sai makunnin ya zauna dab da wurin kiristal. Waya mai tsawo a wannan layi tana kashe kala, wani lokaci ta hana na'urar tashi. Kuma ba a sauyawa tana kunne.

11. Mai son komawa ta ɗaya hanyar, da rufewa

Wanda aka kawo wa na'urar NTSC daga Amurka ko Japan, talabijin ɗinsa kuma PAL kaɗai ya sani, matakan nan ne zai bi a juye: UA6527P da UA6538 da kiristal 26.601712. Zai sami kala, amma ya san wasa zai ragu da kashi ɗaya cikin shidan nan. Kada ya sa RP2A07 da RP2C07 na NES ɗin Turai a madadinsu. Su ma 50 ne, amma lissafin lokacinsu daban ne, an yi su don kaset ɗin Turai, kuma wasu wasannin Japan ba sa tafiya daidai a kansu.

Kafin ka ɗaure sukurori, bar na'urar a kunne kamar rabin awa da wasa mai yawan motsi, ka ga ko kala za ta ɗauke in ta yi ɗumi. In ta ɗauke, ƙara taɓa kafasita mai juyawa a lokacin da take da zafin. Soket yana ƙara wa aisi tsayi, don haka ɗora murfin a hankali ka ji ko yana danna su, musamman kusa da abin tura kaset. Wanke ragowar fes da sifirit, kwantar da wayoyi yadda suke a hoton da ka ɗauka, ka ɗaure. A ƙasan na'urar manna 'yar takarda ka rubuta NTSC 60, da lambobin aisin da ke ciki, da irin adaftar da take ci, don mai gyaran da za ta je hannunsa nan gaba kada ya ga baƙi da fari a talabijin ɗinsa ya ɗauka lalacewa ta yi.